Wa ya san hanyar keke mai daɗi a bayan garin Katsina?

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, kuma don Allah a bari in gama kafin a fara dariya. Wata biyu ke nan likita ya ce sukarina ya fara hawa, in rage tuwon dare in riƙa motsa jiki. Na gwada tafiyar ƙasa, sati ɗaya gwiwa ta ce ba da ita ba. Sai na jawo tsohon Phoenix ɗin mahaifinmu daga ɗakin shirgi, na kai aka sa mashi taya da tub da sarƙa, aka zuba mai. Yanzu kullum bayan asuba nakan fito daga Ƙofar Marusa in zaga ta Ƙofar Durɓi in dawo gida. To gaskiya na gaji da hayaƙin 'yan kurkura da hon ɗin masu mota. So nake in fita bayan gari inda zan ga gona da itace da ruwa. Wa ya san hanya mai kyau wadda mutum zai je ya dawo kafin rana ta take?

Kabiru Mai Shago: Malam, tsakaninka da Allah, sukari ne ko kuɗin fetur? Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya zama ɗan motsa jiki. Maƙwabcina ma ya jingine mashin a zaure, wai shi ma likita ne ya ce.

Malam Habu: Likita ya faɗa, aljihu ya sa hannu. Ka gamsu?

Nura Injiniya: Wa alaikumus salam Malam. Ka zo gidan sauƙi, shekara uku ke nan ina wannan harka. In kwalta kake so, ka fita ta Ƙofar Ƙaura ka miƙe hanyar Kano, ka wuce Abukur har Lambar Rimi. Kusan kilomita 25 ne zuwa, dawowa haka. Abin da ke kai ni can fankokin nan ne na lantarkin iska, guda 37, waɗanda aka kafa don su ba da megawat 10. Ka isa wajen lokacin da rana ke ɓullowa ka gan su jere a fili, wallahi sai ka rantse ba Katsina kake ba. Matsalar hanyar ɗaya ce, manyan motoci. In tirela ta wuce ka iskarta kaɗai ta isa ta ture ka gefe. Don haka sammako, kuma ka manne a gefen dama.

Kabiru Mai Shago: Fankokin suna juyawa kuwa, ko hoto kawai ake ɗauka da su?

Nura Injiniya: Yaya Kabiru, wannan wata muhawarar ce daban, kada ka jawo mana siyasa.

Malam Isiyaku: Ni fa ban yarda da Nura ba, ya yi haƙuri. Mutum ya ce ya gaji da hayaƙi da hon, ka kuma tura shi hanyar Kano? Ai an gudu ba a tsira ba ke nan. Wanda ke kan kwalta ba ya kallon komai sai farin layi da madubin motar da ke gabanshi. Ni aikin malamin gona ya sa na yi shekaru ina yawo ƙauyukan gabas da birni, kuma abin da na gano shi ne ƙasar nan ba a ganinta sai an sauka daga titi. Ka bi turbar da manoma ke bi da amalanke, ko burtalin shanu. Yanzu ma lokacin ne, ƙarshen Oktoba. An yanke gero an jingina, dawa ta sunkuyar da kai, ana roron wake, ana cirar gyaɗa. Ƙasa ta bushe amma ba ta saki ta zama rairayi ba tukuna, taya na kama ta da kyau. Nan da wata biyu turbar nan da kake gudu a kai sai ka sauka ka tura.

Kuma Malam Habu, in ka fita ka lura da gawo. Duk damina yana tsaye tsirara kamar ya mutu, sauran itatuwa na ta taƙama da ganye. Yanzu da kowa ya fara kaɗe nashi, shi kuma yanzu yake tohowa. Shi ya sa manomi ba ya sare shi: da damina bai tare wa shuka rana, ganyen da ya zubar taki ne, da rani kuma 'ya'yanshi abincin awaki. Ka dubi karan geron da ke gindin gawo ka dubi na nesa da shi, ba sai an yi maka bayani ba. Ga kuka, ga tsamiya, ga kanya, ga aduwa, ga layukan bedi da aka dasa don tare iska. Ka nufi wajen Ajiwa, inda dam ɗin da birni ke shan ruwanshi yake, cikin ƙaramar hukumar Batagarawa. In ka isa bakin ruwa da safe za ka tarar da zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, balbela na bin shanu, masunta na duba koma, masu noman rani sun fara gyaran fangali. Wannan shi ne fita bayan gari.

Malam Habu: Allah ya saka da alheri Malam Isiyaku. Har na ji ƙanshin wajen. Amma Phoenix ɗina zai iya turba? Ba shi da giya fa.

Nura Injiniya: Nan ne matsalar. Turba sai keke mai giya da faffaɗar taya. Phoenix ƙarfe ne zalla, nauyinshi kaɗai zai gajiyar da kai kafin ka yi rabi.

Baba Lawal: Salamu alaikum. Jikana ne ke rubuta mani, ni ina faɗa. Nura, ɗana, wa ya gaya maka? Duk turbar da kake magana a kai, Raleigh da Phoenix ne suka fitar da ita, ba mai giya ba. Ni da Raleigh na yi fatauci tsakanin birni da Mashi, buhu a kariya, wani lokaci har da uwar 'ya'yana a zaune bisa buhun. Zamanin da keke sai da lasin, ka biya a ba ka ɗan ƙarfe ka ɗaura, in ba ka da shi ɗan doka ya kama. Har yau je ka ƙauye da safe ka ƙirga kekunan da ke ɗauke da jarkoki da itace da damin kara, ka gaya mani nawa ne masu giya.

Habu, abin da zai kayar da kai ba rashin giya ba ne, abu uku ne. Na farko ƙaya. Tsidau ya fi kowa mugunta, don shi a kwance yake ƙasa ba ka ganinshi, kuma yanzu da kaka ne 'ya'yanshi ke bushewa su yi tsini. Kada ka bi gefen turba inda ciyawa take, bi tsakiya inda ƙafa da kofato suka tattake. Kada ka huta da keke a gindin aduwa ko bagaruwa ko farar ƙaya, ajiye shi nesa ka taka da ƙafa. Na biyu yashi. In ka hango shi kada ka taka birki, kada ka murɗa kan keke, ka koma baya kan sirdi ka ci gaba da tuƙi a miƙe. In zai yi yawa ka rage iskar taya kaɗan. In ya fi ƙarfinka ka sauka, ba abin kunya ba ne. Na uku iska. Wannan yaran yanzu ba su san ta ba. Hunturu daga gabas maso arewa yake busowa. Wanda ya nufi gabas da sanyin safiya cikin Disamba, da iska yake kokawa, sai ya ji kamar ana riƙe mashi kariya. Amma dawowa ita za ta turo ka har gida. To ka gode Allah da haka ta kasance, ka sha wahala da sauran ƙarfinka, ka dawo a huce. Da damina kuma abin juyawa yake.

Kuma kada ka fita ba famfo, ba sholisho, ba guntun tsohon tub da ɗan sandfefa. Ka je wajen mai faci ka zauna ka kalli yadda yake yi sau biyu, ka iya ke nan.

Nura Injiniya: Na karɓi gyara Baba, Allah ya ƙara girma. Maganar iska kam gaskiya ce, na sha ta a hanyar Daura ban san dalili ba, na ɗauka ƙarfina ne ya ƙare.

Ndagi: Ni dai mamaki nake. Katsinawa na neman ruwa da keke! Ku zo Bida in nuna maku abin da ake kira ruwa. Wannan na Ajiwa ai a wajenmu alwala ake yi da shi.

Kabiru Mai Shago: Wa ya bar ƙofa a buɗe bawanmu ya shigo? Ndagi, shekara ashirin kana cin tuwonmu, har yau ba ka koma ruwan naku ba.

Ndagi: Ina zaune ne ina koya maku wayewa, ranka ya daɗe. In an tashi tafiya a sa da ni, ni zan riƙe maku famfo.

Sada Daura: Duk na karanta. Ku yi haƙuri mutanen ɗakin kara, amma in ana maganar yawon keke a jihar nan, Daura ce gaba. Ƙasarmu shimfiɗe take, kuma garin bai cika cunkoso kamar birni ba, minti kaɗan ka fita cikin gonaki. Ni ga yadda nake yi ranar da ba aiki. In fara daga rijiyar Kusugu, in wuce ta ƙofar fada, in fita arewa wajen Tsohon Birni, inda aka ce nan garin yake kafin a dawo inda yake yanzu. In ina jin ƙarfi in miƙe hanyar Mai'aduwa. Ranar Lahadi kasuwa ke ci, tun da safe za ka riƙa haɗuwa da garken shanu da raƙuma da amalanke sun nufi can, wasu daga Nijar ta Kongolam. Mai son ruwa kuma ga dam ɗin Daberam, ga na Sabke. Goriba da kaba sai ka gaji da gani.

Shawarata ma ita ce ku haɗa ƙungiya ku taho Daura gaba ɗaya. Kilomita 80 ne ko kusa da haka, ta Mashi da Shargalle. Ku taso bayan asuba, ku karya a Mashi, azahar ta yi maku a Daura. Fura da nono a wuyana. Ku sha ruwan Kusugu, ku kwana, gobe ku juya.

Nura Injiniya: Wannan ita ce magana! Na taɓa yi sau biyu. Awa huɗu da rabi na yi a na biyun. Malam Habu, ka shirya.

Hajiya Binta: A'a. Ku tsaya. Tun ɗazu nake karantawa ina shiru, amma nan kam sai na sa baki. Sada, Nura, kun karanta farkon maganar kuwa? Mutumin nan cewa ya yi yana da sukari, kuma wata biyu ke nan da fara hawa keke, zagayen da yake yi bai wuce tsakanin ƙofa biyu ba. Shi za ku ɗora wa kilomita 80? Ni ma'aikaciyar jinya ce, na ga irin wannan. Mutum ya ji daɗin jikinshi kwana biyu ya ɗauka ya koma saurayi, sai a kawo mana shi a kwance.

Malam Habu, ka saurare ni. In an ɗora ka kan magani, musamman irin wanda ke saukar da sukari da ƙarfi ko allura, doguwar tafiya ba ka ci komai ba na iya sa sukarin ya faɗi ƙasa warwas. Alamarshi rawar jiki, zufa mai sanyi, jiri, bugun zuciya, ganin duhu-duhu, wani ma sai ya riƙa magana ba kan gado. In ka ji haka ka sauka nan take ka ci dabino ko ka sha wani abu mai zaƙi, kada ka ce bari in kai waccan bishiyar. Dabino ya zauna a aljihunka kullum, ba cikin jakar da ke bayan keken wani ba. Kada ka fita da cikin wofi. Wanda kuke tare ya san kana da ciwon, ya san abin da zai yi. Ruwa kuma ka riƙa kurɓa tun kafin ƙishirwa ta zo. Sannan ƙafa: ban da silifas. Baba ya yi maganar ƙaya don taya, ni ina yi don ƙafarka. Mai sukari in ya ji rauni a ƙafa yana daɗewa bai warke ba, wani lokaci ma ba zai ji shigar ƙayar ba. Takalmi rufaffe da safa, in ka dawo ka duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu. Kuma kafin ka ƙara nisa ka koma wajen likitanka ka gaya mashi abin da kake shirin yi.

Yanzu da sauƙi don sanyi na tafe. Amma daga Maris zuwa Mayu, da zafi ke haura digiri 40, duk wanda ƙarfe tara ta yi mashi a daji bisa keke shi ya so.

Sada Daura: Tuba nake Hajiya. Zumuɗin baƙi ne ya ɗebe ni. Amma gayyata na nan, ko zuwa Sallar Gani ne.

Malam Habu: Hajiya na gode ƙwarai. Maganar silifas kamar kina ganina, da shi nake fita. Uwargida ma ta karanta, ta ce a gaya maki Allah ya biya.

Kabiru Mai Shago: Ni tambayata ɗaya. Me ya sa kowa gabas yake nunawa? Dam ɗin Jibiya fa? Ko a bi ta Ƙofar 'Yanɗaka a nufi Batsari, can ne ma duwatsu da daji na gaske suke. Muna yara har Ruma an kai mu.

Malam Isiyaku: Kabiru, kai ma ka san amsa, so kake a faɗa. Wajen ya fi ko'ina kyau, ban musa ba. Duwatsun Ruma da dajin Rugu ba su da na biyu a ƙasar Katsina. Amma wa zai ɗauki keke ya nufi can don shan iska? Mutanen da aka haifa can ma da yawa suna nan birni sun baro gonakinsu. Ka tuna 2021 har layin waya aka rufe a ƙananan hukumomin wancan ɓangaren. Ko an ce an samu sauƙi, ba wajen yawon buɗe ido ba ne yanzu. Allah ya kawo mana ƙarshen abin, mu koma mu gani da idonmu.

Hajiya Binta: Amin ya Allah.

Baba Lawal: Amin. Kuma gabas ɗin ma ba a shiga da ka. Kafin ka fita ka tambayi direbobin tasha da masu kawo nono, su ne jaridar hanya. Abin da ke lafiya wannan satin ba lalle ya zama lafiya sati mai zuwa ba.

Nura Injiniya: Tun da an zo nan bari in ba ku labarin abin da ya same ni bara, don wani ya ɗauki darasi. Na fita ni kaɗai wata Asabar, na saki kwalta na shiga wata turba, ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. Ina sanye da hular kwano, baƙin gilashi, matsattsun kaya irin na 'yan tsere, na rufe hanci da ƙyalle saboda ƙura, waya kuma na ɗaure a kan keke tana nuna mani taswira. Na ga wata kuka mai kogo, girmanta mutum biyar ba su zagaye ta da hannu, na tsaya ina ɗaukar hoto. Na ɗauki kukar, na ɗauki rumbuna, na ɗauki hanyar da ta shiga gari. Ban ankara ba sai ga yara sun watse da gudu suna kuka. Kafin in mai da waya aljihu mutum shida sun kewaye ni, biyu da gora, ɗaya da bindigar toka. Wani dattijo ya ce, "Kai wane ne, wa ya aiko ka, me kake aunawa?" Na ce motsa jiki nake. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Duk filin da ke birni bai ishe ka motsawa ba sai bayan rumbunmu?"

Haka aka tasa ni gaba ina tura keke har ƙofar gidan mai gari. Aka ce in cire hula da gilashi. Aka karɓi waya ana duba hotuna ɗaya bayan ɗaya, har na bikin ƙanwata. Abin da ya cece ni, da na faɗi unguwarmu da sunan kakana, sai liman ya ce ya yi karatun allo a wajen. Nan fa aka koma gaisuwa, aka kawo fura a ƙwarya, mai gari ya ce in yi haƙuri, zamani ne ya kawo haka, masu leƙen asiri da irin wannan siffa suke zuwa. Na bar garin bayan azahar da ƙullin gyaɗa a kariya, amma gwiwata ba ta daina rawa ba sai da na hau kwalta.

Kabiru Mai Shago: Wallahi da ni ne mai garin sai ka kwana. Ka shigo gari kamar ɗan sama jannati ka ce motsa jiki!

Ndagi: Ni gyaɗar nake tambaya, ina rabona?

Malam Isiyaku: Ba su yi laifi ba ko kaɗan. Ni da aka sani ma, in na shiga garin da ban saba ba sai na fara sauka a majalisa na yi sallama. Ka sauka daga keke tun daga nesa, ka buɗe fuska, ka gaida mutane, ka faɗi daga inda kake da inda za ka. Kada ka ɗaga waya sai ka nemi izini, ban da ɗaukar mata a rijiya, ban da ratsa gonar da ba a girbe ba. In ka yi haka su da kansu za su ce maka kada ka bi nan akwai yashi, bi can ta gindin tsamiya. Taswirar waya ba ta san wannan ba.

Baba Lawal: Hular nan ma ni ban ga amfaninta ba. Shekara arba'in ina hawa da hula ƙube ban fasa kai ba.

Hajiya Binta: Baba, da girmanka, nan kam ban bi ka ba. Zamaninku mota nawa ce a hanyar Mashi? Ka zo ɗakin haɗari ka ga kawunan da ake kawowa. A sa hular a kan titi, in an zo shiga gari a cire a rataya. Ba sai an zaɓi ɗaya ba.

Baba Lawal: To 'yata, na ji. Amma ni dai ba za a gan ni da kwano a ka ba.

Malama Zainab: Sallama. Ni tarihi nake koyarwa, kuma akwai wurin da ba wanda ya ambata: Durɓi ta Kusheyi, cikin ƙasar Mani, kilomita talatin da 'yan kai gabas da birni. Tuddai ne na kaburburan sarakunan farko, tun kafin sarauta ta dawo Katsina ta yanzu. An fara tona wajen a 1907, zamanin Sarki Dikko da Baturen nan Palmer, aka sake tonawa a 1992, aka samu kayan ƙarfe da na ado har aka kai su Jamus aka gyara aka dawo da su. Abin takaici, ɗalibaina da yawa sun san sunan Ƙofar Durɓi amma ba su san akwai garin ba. Ga kukoki a wajen masu shekaru. In kun yi ƙarfi nan gaba ku sa shi a lissafi.

Wanda kuma bai iya nisa ba, cikin gari ma akwai zagaye mai daɗi da sassafe ranar da ba makaranta: hasumiyar Gobarau, Ƙofar Soro, sai tsohuwar Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wadda yanzu gidan tarihi ce. Daga nan a bi ƙofofi ana neman abin da ya rage na ganuwa. Sai dai ku shirya ɓacin rai, don wurare da yawa an cinye ta da gini, wani wajen an mai da ita bola.

Tambayata ta ƙarshe, mu mata fa? Ina yarinya da keke nake zuwa Islamiyya, ba wanda ya ce komai. Yanzu in na hau sai a taru ana kallo.

Kabiru Mai Shago: Malama, wannan sai a buɗe mata zaure na daban, in aka fara yau ba za a kwana ba.

Hajiya Binta: A buɗe ɗin. Hawan jini da sukari ba su san mace ko namiji ba, kuma matan da nake gani a asibiti sun fi maza rashin motsi. Zainab, ki neme ni ta gefe, akwai makarantar da ke da fili mai katanga, mu fara daga nan.

Sada Daura: Malama, in dai tarihi ne ai kin san inda tushen yake. Daura ta Abdu.

Malama Zainab: Na sani Sada, ba wanda ya ƙwace maku rijiya.

Malam Habu: To jama'a, kada zance ya watse. Ga abin da na tsayar. Daura sai nan gaba in Hajiya ta sa hannu. Durɓi ta Kusheyi ma haka. Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu, a haɗu Ƙofar Durɓi da an sallame asuba, a nufi wajen Ajiwa ta turbar da Malam Isiyaku ya sani. Ba tsere ba ne. Duk inda ƙarfe bakwai da rabi ta yi mana, nan za mu juya, ko an ga ruwa ko ba a gani ba.

Malam Isiyaku: Na yarda. Zan kira wani manomi da na sani a hanyar ranar Juma'a da dare in ji lafiyar wajen. In ya ce a dakata, a dakata.

Nura Injiniya: Ina ciki. Zan zo da kayan faci da tub biyu. Da riga ta mutunci.

Kabiru Mai Shago: Wa ke da keken aro? Ba don komai ba, don in ga yadda Malam zai faɗi a yashi.

Baba Lawal: Raleigh na nan rataye a zaure. Ka zo ka ɗauka, amma ka dawo mani da shi da ƙararrawarshi.

Malam Habu: Salamu alaikum, ga rahoto kamar yadda aka yi alkawari. Mu biyar muka fita: ni, Malam Isiyaku, Nura, Ndagi da Kabiru. Ba mu kai ruwa ba. Ƙarfe bakwai da rabi ta yi mana a gindin wani gawo, Malam Isiyaku ya ce saura kaɗan, na ce Hajiya za ta tambaya, muka juya. Faci uku aka yi, biyu na mai giya ne, Baba ka ji. Na sauka na tura sau huɗu. Wanda ya zo kallon faɗuwata shi ya faɗi, cikin yashin wani rafi, a gaban 'yan mata masu tallar nono, har ɗaya ta ce mashi sannu Alhaji. Mun ga ana sussukar gero a wani fage, suka ba mu ruwa, wani tsoho ya riƙe kan Raleigh ɗin Baba yana shafawa ya ce rabonshi da ganin irinshi tun auren fari. Na ci dabino uku, na duba ƙafa, lafiya lau, sai dai zama a kan kujera yau sai a hankali.

Hajiya Binta: Madalla. Ka auna sukari da ka dawo?

Malam Habu: Na auna, na rubuta a takarda zan kai wa likita ranar Litinin.

Baba Lawal: Kabiru, an kawo keke, na gani. Ina ƙararrawa?

Kabiru Mai Shago: Baba, tana cikin yashin nan. Asabar mai zuwa zan koma in nemo ta.

Ndagi: Famfon wa ke hannuna? Baƙi ne, an ɗaure bakinshi da roba.